Zaɓen Makaranta da Tikitin Karatu: Jawabin Bikin Cikar Sarautar Kirkissoye Shekara Ɗari

 

 

An umurce ni da in yi magana a kan ilimin ƴaƴanmu, ni kuwa na zaɓi tambaya guda: wane ne ke zaɓar wa ɗan talaka makaranta?

Wannan ɓangare na Harobanda ba baƙon ilimi ba ne. Tun da aka buɗe gadar Kennedy a 1970, ƙetaren kogin Kwara ya zama mazaunin jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992. A garin Say, kudu da mu, aka buɗe madarasa ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci a 1957. Yau a unguwanninmu akwai makarantar gwamnati, akwai madarasa, akwai makarantun kuɗi, ga kuma makarantar allo da muka gada. To, amma mai hali shi ke duba waɗannan ƙofofi ya shigar da ɗansa inda ya ga dama. Mai sayar da itace da matar da mijinta ya rasu, su aljihunsu ya riga ya yi musu zaɓi.

Mun ga abin da rashin zaɓi ke jawowa. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara irin haka ta auku a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Iyayen yaran nan sun san hatsarin ajin zana, sai dai ba su da wani wurin da za su kai su.

A wasu ƙasashe an gwada wata dabara da za mu iya kira tikitin karatu. Hukuma takan ba uba ko uwa takarda mai ɗauke da kuɗin karatun yaro, su kai ta makarantar da suka yarda da ita, makarantar ta karɓi kuɗin daga hukuma. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, shi ya fito da shawarar a 1955. Ƙasar Kolombiya ta yi aiki da ita daga 1991 zuwa 1997, ta ba yara fiye da 125,000 na unguwannin talakawa tikitin shiga sakandare. Inda masu nema suka fi tikiti yawa sai a yi ƙuri'a, kuma wanda bai ci jarrabawar wucewa aji ba, ba a sabunta masa. Bincike ya nuna waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa sun fi sauran kammala aji takwas, sun kuma rage maimaita aji.

Ƙasar Cile kuwa ta ba kowa tikiti tun 1981, ta bar makarantu suna tace ɗalibai, daga baya har suna neman ƙarin kuɗi daga iyaye. Sai ƴaƴan masu hali suka taru gefe guda, na talakawa gefe guda. Dole ta sa a 2008 aka ƙara kuɗin da ke bin ɗan talaka, a 2015 kuma aka kafa dokar hana tacewa da ƙarin kuɗi. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Mu ma muna da tushen da za mu ɗora a kai. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta sanya iyaye da al'umma cikin masu ɗaukar nauyin makaranta. Daga 2004, da taimakon ƙasar Japan, aka ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, waɗanda iyaye ke zaɓen shugabanninsu ta ƙuri'ar asiri. Jama'armu sun saba da taro, da tsara aiki, da bin sawun kuɗi.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ina roƙon a kafa asusun karatu domin tunawa da wannan shekara ta ɗari, ƙarƙashin inuwar fada, ƴan kasuwa da ma'aikata da ƴaƴan gari mazauna waje su zuba abin da ya sauƙaƙa. Ina ba da shawarar sharuɗɗa huɗu. Na farko, a fara da marayu da ƴan mata da gidajen da ambaliya ta tagayyara, kamar ta 2020 da har yau wasu ba su farfaɗo daga gare ta ba. Na biyu, iyaye su zaɓi makaranta, asusu ya biya makarantar kai tsaye, idan masu nema sun yi yawa a yi ƙuri'a a bainar jama'a, kada a ce ɗan wane ne. Na uku, makarantar da ta karɓi tikitinmu ba za ta nemi ƙarin ko dala ɗaya ba, ba za ta kori yaro don rauninsa ba. Na huɗu, a ware kaso na asusun domin gina azuzuwan bulo a makarantar gwamnati, domin can ne yawancin ƴaƴanmu za su ci gaba da zama, kuma tikiti ba ya gina aji.

Kowace shekara a karanta lissafin kuɗin a ƙofar fada, a faɗi yawan yaran da suka shiga da waɗanda suka wuce aji. Talakan da ya san yana iya ɗauke ɗansa ya kai wata makaranta, zai iya tsayawa gaban darakta ya tambayi dalilin da ya sa yaron bai iya karatu ba, a kuma saurare shi.

Allah ya ja zamanin mai martaba, ya jiƙan magabatan da suka riƙe wannan sarauta, ya albarkaci zuriyarmu, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.