In Sun Ce Maka Mijin-Ta-Ce

Yau da kai nake, maigida. Uwargida, ki zauna ki saurara, amma kada ki ƙara muryar rediyo don a ji da gayya, bar shi ya ji da kansa.

Makon jiya wani ɗan kabu-kabu ya bugo mana waya daga wajen Ɗan Isa, ya roƙi kada a faɗi sunansa. Matarsa ta samu shiga makarantar ungozoma a Maraɗi, karatun shekara 3. Babura biyu gare shi, ɗaya yana hawa, ɗaya ya ba yaro yana kawo masa balas. Kuɗin shekarar farko ba za su fito ba sai ya sayar da na biyun. Ga yara biyu da za a rinƙa bari a hannunsa daga Litinin zuwa Juma'a. Mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda ba, abokansa na fada kuma tun yanzu sun fara yi masa dariya. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, in na yi wannan, na zama mijin-ta-ce ke nan?"

Ni dai ban yi aure ba tukuna, kun sani, kuna ma tsokanata a kai kullum. Amma tambayar ta hana ni barci, don na lura ba asarar babur ke damunsa ba. Ya riga ya yi lissafi, ya ga zai iya. Bakin mutane yake tsoro.

To, maigida, bari mu fara da mazan da ba wanda ya isa ya ce an shanye su. A shekara ta 2 bayan hijira aka fita yaƙin Badar. Sayyidina Usman ɗan Affan bai je ba, saboda matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), tana kwance ba lafiya, aka umarce shi ya zauna ya yi jinyarta. Ka duba fa, Badar ce, ba cin kasuwa ba. Ta rasu a daidai lokacin da labarin nasara ya iso Madina, shi kuma aka ba shi rabonsa na ganima, aka lissafa shi cikin mutanen Badar. Shi kansa Manzon Allah ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya rama a na biyu. Ranar da Habashawa ke wasan masu a masallaci, tsayawa ya yi yana kare ta tana kallo, bai gusa ba sai da ita ta gaji don kanta. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni. Ba ko dala aka kashe ba, lokaci ne kawai ya ba ta a kan abin da ita take so.

A ƙasar Hausa ma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima shi ne Wazirin Sakkwato, mutum mai mulki a hannu, kuma a gidansa ta yi yawancin wannan aiki. Da ya ce a'a, da mun yi asarar da ba mu ma san mun yi ba.

Za ka ce waɗannan manya ne. To mu sauko ƙasa. A jihar Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje, da tallafin hukumar UNFPA, wajen 2008. Ba aji ba ne, ba allo. Magidanta ne 'yan kaɗan na gari, waɗanda aka shaida da riƙon iyali, suke zama sau biyu a wata suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita, sannan su bi sauran maza suna jan hankalinsu. A wasu ƙauyukan su da kansu suka buga tubali suka gina wa ungozoma ɗaki don ta zauna. Ka ga abin mamaki? Muna so ungozoma mace ta karɓi haihuwar matanmu, har mu yi rigima in aka ce namiji ne a bakin aiki, amma kowa so yake matar wani ce za ta je ta yi karatun.

Akwai kuma inda muke ba da kunya, dole in faɗa. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta kafa Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi. Mata na zubi kowane mako cikin akwati mai kwaɗo 3, suna ba juna rance, ƙarshen zagaye su raba. Mace za ta ɗauki rance don ta sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, sai maigida ya ce "kawo in juya miki kafin kasuwa." Ranar biya ta zo, shi yana bida a Legas ko Agadas, ita ce ke sayar da akuyarta don kada ta ji kunya a gaban mata. Wannan ba wanda ke masa dariya a fada. Wanda ya goya yaro don matarsa ta je taron asusu, shi ne abin tsokana. Wallahi mun juya abin.

Ban ce kowa ya sayar da babur ba. Wani ba shi da ko keke. Amma ka san sunan malamin da ke koya mata a makarantar yaƙi da jahilci? Ka san nawa take sayen tiyar gyaɗa yanzu, nawa take samu a kai? Kai da ka haddace 'yan wasan Barcelona har da na benci, ka taɓa zama ka kalli Daɗin Kowa tare da ita, ba tare da kana tsaki kana latsa waya ba? Shayin fada zagaye uku ne. Ka sha biyu ka tashi, na ukun ai ruwa ne da sukari.

Ke ma uwargida, tunda na san kina ji: in ya yi, kada ki kai shi bakin rijiya kina cewa "ai sai yadda na yi da shi." Da wannan kalma ɗaya kike ba abokansa gaskiya, kuma gobe ba zai ƙara ba.

Shi ɗan kabu-kabun namu na sake kiransa shekaranjiya. Na ce masa maganar abokai ya bar ta, amma ta mahaifiya ba a yi mata haka. Ya samu kawunsa ko limamin unguwa su je tare, a yi mata bayani a tsanake, a kuma faɗa mata wanda zai riƙe jikokinta da rana, don wataƙila nan ne damuwarta take. Ya ce ya yi magana da kawun, sun sa ranar Juma'a bayan masallaci. Babur ɗin kuma an taya, bai sallama ba tukuna. Rajista za ta rufe ƙarshen wata.

Layinmu a buɗe yake bayan labaran ƙarfe takwas. Ina so in ji daga mazan da matansu suka yi karatu ko sana'a a hannunsu, musamman yadda kuka shawo kan iyaye, don yana saurare.