Wayar agogon babur: yadda ake sa mata giris da yadda ake canza ta

 Yau kan agogon nan na gaban babur za mu tsaya, wanda wasu ke cewa mita. Ranar kasuwar Jibiya na leƙa babura da dama, akasarinsu allurar a kwance take. In ka tambayi mai shi sai ya ce, ai babur na tafiya. Gaskiya ne yana tafiya, amma lambobin nan da ke ƙarƙashin allura su ke ƙirga maka kilomita. Da su za ka san lokacin juye baƙin mai, da su za ka san ko fetur ɗin tanki zai kai ka ruga ya dawo da kai. A daji babu gidan mai.

Abin da ke juya agogon wata waya ce da ta taso daga tsakiyar tayar gaba. Tana da riga a waje, a ciki kuma akwai siririyar waya murɗaɗɗiya mai baki kusurwa huɗu. Taya na juyawa, wani ɗan giya na juya ta. Ƙurar hunturu da ruwan da muke ratsawa da damina su ke cinye man da ke ciki. Shi ya sa kafin ta tsinke sai ka ga allura na rawa, ko ka ji wani ɗan kuka daga gaba. To, wannan ne lokacin gyara, tun bai zama na saye ba.

Ka kafe babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya. Kwance wayar daga ƙarƙashin agogo, ka sa yaro ya juya tayar gaba. In ta ciki na juyawa, wayar lafiya lau, matsalar na cikin agogo. In ba ta motsi, ko ta tsinke ko giyan ƙasa ya cinye. Kwance ta daga ƙasa, zare ta cikin, wanke ta da kananzir, goge da tsumma. Ka mirgina ta a kan tabarma: in tana tsalle ko ta fara tsefewa, kada ka wahalar da kanka, ta gama aiki.

In lafiyarta ƙalau, shafa mata giris kaɗan, ba a dumbuza ba. Nan ne mutane ke kuskure. Ka bar kamar taƙi ɗaya daga sama babu komai, don murɗin wayar kan tura giris ya hau cikin agogo, allura ta daskare. Ka je gyaran waya ka dawo da mataccen agogo! Kuma don Allah ban da man gyaɗa ko man shanu, suna yin danƙo su kama ƙasa.

Wajen sayen sabuwa, tafi da tsohuwar a hannu. Tsayi da baki sun bambanta, ta Boxer ba lallai ta shiga Jincheng ba, ko da mai shago ya rantse. Ka bi hanyar da tsohuwar ta bi, kada ta lanƙwashe sosai. Murɗa ta cikin har ka ji bakinta ya zauna, sannan ka ɗaure noti da hannu, ba da filaya ba. Juya kan babur dama da hagu ka ga ba ta ɗame ba.

Ku kuma masu ɗaura jarka da buhu a gaba, ku duba inda igiyarku ke bi, ita ke matse wayar. In mai faci ya cire tayar gaba, tsaya a kansa har ya mayar da giyan daidai gurbinsa. Wanda agogonsa na lantarki ne mai nuna lamba kawai, galibi ba irin wannan wayar gare shi ba, kada ya zuba mata komai, ya kai wa bakanike.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sarƙar babur za mu duba.