Tsatsar Huhu: Yadda Murar Tsuntsaye Ke Kisa



Da yawa daga cikinmu muna kiwon kaji a bayan gida, shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan murar tsuntsaye, wato H5N1. A 1997 ta kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka rasu. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko ke nan a Afirka. A 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Daga 2003 zuwa yau, kusan rabin mutanen da aka tabbatar ta kama a duniya ba su tashi ba.

Me ya sa take kisa haka? Mura ta yau da kullum galibi a hanci da maƙogwaro take tsayawa. Ita kuwa wannan can ƙasan huhu take sauka, cikin 'yan jakunkunan da iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini.

To, malamanmu na kimiyya sun koya mana cewa oksijin ce ke sa ƙarfe tsatsa. Idan cutar ta shiga, fararen ƙwayoyin jini sukan yi dafifi a huhu, su riƙa fesa wani nau'in oksijin mai ƙuna don su hallaka ta. Jiki yana da sinadaran kashe kaifinsa, amma idan feshin ya yi yawa sai ya fi ƙarfinsu. Akwai wani maiƙo da ya lulluɓe cikin jakunkunan nan, shi ke hana su mannewa. Shi ma sai ya lalace, kamar man shanun da ya daɗe a buɗe. A 2008 masu bincike a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka nuna a jikin ɓeraye cewa lalataccen maiƙon nan da kansa yana ƙara tunzura garkuwar jiki. Sai ta turo wasu ƙwayoyin, su ma su yi nasu feshin, abin ya yi ta zagayawa. Daga nan bangon jakunkunan ya fara yoyo, ruwa ya cika inda iska za ta zauna. Ɓerayen da aka rage wa ikon yin feshin kuwa, huhunsu bai lalace haka ba.

Kada wani ya ji wannan ya ruga sayen bitamin, don ɓera ba mutum ba ne. Maganin da likitoci ke bayarwa shi ne Tamiflu, ya kuma fi amfani a kwana biyun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adarmu ta yi wa kaza yankan gaggawa da zarar ta fara gyangyaɗi, wai kada ta zama mushe. Wajen yanka da fiɗa da figa ne mutum ya fi ɗaukar cutar, kuma mata da yara ne ke wannan aiki. Idan kaji suka fara zubewa, a nesanta yara, a kira likitan dabbobi, su ne za su aika da samfur Vom a gwada.