Masu tsaron ƙwan kunkurun teku



A Garan-Popo, yamma da Kwatano, ƙasar Benin, macen kunkurun teku tana fitowa bakin gaɓa da dare. Ta gina rami cikin rairayi, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa. Sai ƙwan ya yi wata 2 yake ƙyanƙyashewa. Kafin nan, mutane da karnuka suna tonewa.

Don haka waɗansu mutanen garin, bisa son ransu, suke sintiri da dare. Su kwashe ƙwan, su binne shi cikin shinge. In ƴaƴan sun fito, su sake su cikin teku.

Ku manoma kun sani: wanda ya cinye iri, mi zai shuka baɗi?

Mu kwana lafiya.