Mai da Sabulu: Yadda Makyarkyata da Gigin Tsufa Ke Somawa a Tantanin Jijiya

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, zai tarar da manyan motoci suna sauke buhunan sukari da fulawa, 'yan dako kuwa suna ta kai da kawowa. Daga cikin hajar akwai iri biyu da ba a rasa su, watau jarkokin man girki da katan-katan na sabulu. Kowace uwargida ta san abin da ke tsakaninsu: mai ba ya haɗuwa da ruwa, amma da zarar sabulu ya shiga sai maiƙon ya wargaje ya bi ruwa. Wannan sanannen al'amari shi ne mabuɗin fahimtar cututtuka biyu da ke addabar dattawa, watau makyarkyata, wadda likitoci ke kira cutar Parkinson, da gigin tsufa, wanda galibinsa cutar Alzheimer ce ke kawo shi.

Tantanin Ƙwayar Jijiya

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace ɗaya kuwa a lulluɓe take da tantani wanda ya raba cikinta da wajenta. Tantanin nan na maiƙo ne. Kowane ƙwaron maiƙon yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa, saboda haka sai su jeru sahu biyu, kawuna a waje, wutsiyoyi a tsakiya. Don tsananin rashin kaurinsa, sai an jibga guda 200,000 kafin a sami kaurin milimita ɗaya. A 1972 masana biyu a Amurka, Singer da Nicolson, suka bayyana cewa tantanin yana motsi kamar mai a faranti, furotin iri-iri na yawo a cikinsa.

Aikinsa shi ne gadi. Alal misali, sinadarin kalsiyam da ke wajen ƙwaya ya ninka na ciki kimanin sau 10,000, ba ya kuwa shiga sai ta ƙofofin da aka tanada, a lokacin da ya dace. In tantani ya huje kalsiyam ya kwarara ciki, ƙwayar takan galabaita ta mutu. Shi ma sabulu yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai, shi ya sa yake kutsawa tsakanin maiƙo ya kwashe shi. Akwai furotin a ƙwaƙwalwa da kan yi wa tantani irin wannan ɓarna in sun lalace.

Furotin dai tamkar carbi yake: jerin 'ya'ya ne da ake kira amino, kuma yadda ya naɗe shi ke nuna aikin da zai yi. In naɗin ya karkace, sai sassansa masu gudun ruwa su fito fili, su riƙa manne wa 'yan'uwansu ko su nutse cikin maiƙo.

Makyarkyata

James Parkinson, likita a Landan, shi ya siffanta cutar a 1817. A 1912 Friedrich Lewy ya ga wasu dunƙule a cikin ƙwayoyin jijiyar masu cutar, sai a 1997 aka gane cewa furotin mai suna alfa-sinukilin ne ya cika su. 'Ya'yansa 140 ne. In yana cikin ruwa a sake yake kamar warwararren zare, amma da ya taɓa tantani mai lanƙwasa sai gabansa ya murɗe ya kwanta a kan maiƙon.

Wurin zamansa shi ne bakin jijiya, inda ake tara 'yan jakunkunan maiƙo masu ɗauke da saƙon da wata jijiya ke aika wa wata. Aikinsa a can ya yi kama da na ɗan dako a bakin sito, watau tattara kaya da shirya su don lodi. Matsala takan taso in ya yi yawa, ko kuwa irin maiƙon ya canja. A sannan fuskar tantanin ce kan zama matattarar da furotin ke cunkushewa, su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su huda tantanin, har su lalata sassan da ke ba ƙwaya ƙarfi. Wani bincike na 2019 ya nuna cewa dunƙulen Lewy cike suke da tarkacen tantani. Ƙwayoyin da suka fi mutuwa su ne masu yin sinadarin dofamin, rashinsa kuwa shi ke kawo rawar hannu da sandarewar jiki da nauyin tafiya.

Gigin Tsufa

A 1906 Alois Alzheimer, likita a Jamus, ya ba da labarin wata mata da ta rasa tunaninta tun tana 'yar shekara hamsin da kaɗan, ya kuma ga tabo a ƙwaƙwalwarta bayan rasuwarta. A 1984 Glenner da Wong suka ware furotin ɗin da ke cikin irin wannan tabo, watau amiloid-bita, mai 'ya'ya 40 ko 42. Asalinsa guntu ne na wani dogon furotin da ya ratsa tantani, yanka na ƙarshe kuwa a tsakiyar maiƙon ake yinsa. Saboda haka jelarsa mai son mai ce tun fil'azal, mai 'ya'ya 42 ɗin kuma ya fi saurin dunƙulewa. A 1993 Arispe da abokan aikinsa suka nuna cewa yana iya buɗe kafar da kalsiyam ke bi a tantanin gwaji. Bincike na baya ya nuna yana kuma iya zare maiƙon kamar yadda sabulu ke yi. Masana da yawa sun karkata ga cewa ƙananan ƙungiyoyin nan masu yawo sun fi babban tabon lahani.

Abin da Aka Gano a Nijeriya

Mafi girman haɗarin gado na cutar Alzheimer ta tsufa shi ne wani nau'in furotin mai suna APOE4, wanda aikinsa dakon kitse ne a ƙwaƙwalwa. Tun 1992 masana na Jami'ar Ibadan da ta Indiyana suka shiga kwatanta dattawan Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis. Sakamakon 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 ne ke kamuwa da gigin tsufa a Ibadan, a can kuwa kashi 3.24. Har ila yau an ga tasirin APOE4 bai kai na can ƙarfi ba, kuma kitsen jinin mutanen Ibadan bai kai nasu yawa ba. A Zariya, wani bincike na 2011 ya sami cutar a kusan kashi 3 cikin 100 na dattawan da aka duba.

A 2023 kuma, Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta na gida da waje suka gano wani canji a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda ya yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu. Wanda ya gaje shi ta gefe ɗaya haɗarin makyarkyata ya ƙaru masa kimanin sau ɗaya da rabi, wanda ya gada ta uwa da uba kuwa fiye da sau uku. Aikin GBA1 shi ne narkar da wani maiƙon tantani da ya tsufa, taruwar maiƙon nan kuwa tana taimaka wa alfa-sinukilin wajen dunƙulewa.

Kammalawa

Kada a ɗauka man da aka sayo a Singa shi ke zarcewa kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, domin ƙwaƙwalwa ita ke ƙera kusan dukan kolestarol ɗinta da kanta. Sai dai an tabbatar cewa hawan jini da ciwon sukari da ƙiba da shan taba suna ƙara haɗarin gigin tsufa, dukansu kuwa ana iya kiyaye su.

Dattijon da hannunsa ke rawa yana lissafi a shago, ko tsohuwar da ta manta hanyar gidanta, marasa lafiya ne masu bukatar likita, bai kamata a jingina halinsu ga sammu ko maita ba. Maganin lebodofa, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1960, yana sassauta makyarkyata ƙwarai, ko da yake ba ya tsai da mutuwar ƙwayoyin. Hakkin ma'aikatan lafiya ne su tabbatar ana samunsa a asibitoci irin su Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cikin farashi mai sauƙi. Ɗalibai kuwa su lura cewa canjin GBA1 ya daɗe a ɓoye ne domin galibin bincike a kan Turawa aka yi shi. Abin da ke jinin Hausawa da Fulani da Barebari yana jiran masu nazarinsa daga jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Allah ya sa a dace.