Narka Dalma a Cikin Gida Domin Harsashi: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Maganar da za mu yi yau ta dalma ce, wadda wasu mutane su ke narkawa a gidajensu don su sami harsashin bindiga.

Kowa ya san ƙasar Batsari da ta Safana suna gefen Dajin Rugu. Tun kaka da kakanni akwai maharba a nan, akwai kuma maƙeran da ke gyara musu bindigogin adaka. Da fitinar 'yan bindiga ta yi tsanani, kamar harin da aka kai Tsauwa da Dankar a shekarar 2020, sai mutane da yawa waɗanda ba maharba ba ne suka nemi bindiga don tsare iyalinsu. Harsashi kuwa yana da tsada, saboda haka wasu su kan fasa tsohon batirin mota, su cire dalmar ciki, su narka ta a tsakar gida. Gwamnati ta san tsoron da ya kawo haka. Amma akwai abubuwa biyu da ya wajaba a sanar da talakawa.

Na farko, dalma guba ce. Ba ta da wuyar narkewa, wutar gawayi ma ta ishe ta, shi ya sa mutane su ke raina ta. In ana narka ta, ƙurarta da dattin da ke tasowa a kanta su kan zuba a ƙasa, su manne a tufafi da hannuwa da ƙwarya. Yaro mai rarrafe shi ne ya fi shan wahala, domin kome ya taɓa sai ya kai baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin ɗaukar gubar. Alamunta su ne ciwon ciki, da amai, da kasala, da ƙarancin jini, da jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaron da ya tsira ma, sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta kan dakushe har abada. Mace mai ciki kuwa tana iya yin ɓari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma a cikin jini da za a ce ba ya cutarwa.

Mun ga wannan a maƙwabtanmu. A shekarar 2010, a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka mutu. Dutsen zinariya mai dalma a ciki aka riƙa daka a cikin gidaje, ƙurar ta bi abinci da ruwa. Gubar da ta kashe su ita ce dai ke cikin batir.

Na biyu, doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera bindiga ko harsashi, ko gyara su, sai a wurin da hukuma ta keɓe, ko da takardar iznin 'yan sanda. Wanda ya ke son ya taimaka wajen tsaron garinsu yana da hanya ta halal, watau rundunar tsaron al'umma wadda Gwamna Dikko Umaru Radda ya kafa a shekarar 2023.

To, ga abin da a ke roƙo gare ku. Kowane hakimi ya tara dagatansa da masu unguwanni, tare da Sarkin Maƙera da Sarkin Maharba, a karanta musu wannan takarda. A hana narka dalma da fasa batir a cikin gida. Tukunya ko ludayin da ya taɓa dalma kada a sake yin abinci da shi, kada kuma a bar yara su yi wasa a inda aka taɓa narka ta. Malaman hakimai su rubuta gidajen da aka yi wannan aiki, su aika wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma. Yaron da ya ke jijjiga kuwa, a kai shi asibiti nan da nan, a gaya wa likita gaskiya cewa an narka dalma a gidan, don a auna jininsa.

Talakawa sun fi jin maganar hakiminsu bisa ga ta baƙo, don haka aikin yana hannunku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.