Baka da Gaban Mai Shi



Da yawa daga cikinmu jikokin maharba ne, amma in an miƙo mana baka yau, ba mu san ta inda za mu fara ba. Alhali kuwa a Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, 'yan baka masu tafiya a ƙasa ne suka tarwatsa dawakin Yunfa, Sarkin Gobir. To, abin da muke so mu tattauna shi ne yadda mutum zai zaɓi bakan da ya dace da shi.

Kuskuren da muka fi yi shi ne mu fara tambayar ƙarfin baka. Abin da ya kamata a fara sani shi ne tsawon ja, watau iyakar inda hannun mutum ke kai tsirkiya in ya ja ta har gefen bakinsa. Awon ba shi da wuya. Mutum ya tsaya ya buɗe hannuwansa, kada ya yi miƙa, a auna gabansa daga ƙarshen babban yatsan tsakiya zuwa na ɗaya hannun, sa'an nan a raba da biyu da rabi. Mai gaba inci 70, jansa ya kama inci 28. Wannan kimantawa ce kawai. Sai an riƙa baka an ja sau da yawa hannu ke faɗin gaskiya.

Me ya sa muka dage a kan wannan? Saboda ƙarfin baka ba tsayayye ba ne. Maƙera bakuna na Ingila da Amurka suna rubuta nauyin ja ne bisa inci 28, kuma kowane inci da aka ƙara yana ƙara wajen laba biyu. Dogo da gajere in suka ja baka guda, lalle ba nauyi ɗaya suka ja ba. Gajeren bakan itace kuwa, in dogo ya matsa masa, ƙarshensa karyewa. Haka nan kibiya: ta ɗara tsawon ja da inci ɗaya ko biyu, don kada tsininta ya zame ya soki hannu.

Mai koyo ya fara da laba 25 zuwa 30. Mun sha ganin samari sun ɗauki bakan da ya fi ƙarfinsu don kunyar abokai, kafaɗa na rawa, suna sakin tsirkiya tun ba ta iso fuska ba. Wanda ya saba da haka da wuya ya daina.

Maharbanmu ba su dogara da nauyi ba. Kibiyarsu ta kyauro ce, marar gashi, dafin kwankwani ke ƙarasa aikin, shi ya sa suke laɓaɓawa su matso kusa da nama kafin su harba. Mu da za mu harbi allo ba mu bukatar dafi. Ga igiyar awo nan mun zo da ita. Duk mai so ya matso a auna gabansa.